Ƙwaryar Ɗan Kokawa da Cikin Mai Zama: Mene Ne Mizanin Ci?

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya tashi a ƙasar Mayahi ko Tasawa ya san cewa da gero ya shiga rumbu, sai gangar kokawa ta tashi a ƙauyuka. Tun shekarar 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauko shi, samarinmu ke kwana da burin wannan ɗaukaka. Kowa kuma ya ga yadda ake ciyar da ɗan kokawa: ga fura da nono ƙwarya guda, ga nama, ga malmalar tuwo, ba mai kiransa da haɗama. To, ga attajiri can yana wuni zaune a bakin shago, yana cin daidai wannan. Yaya abinci ɗaya ya zama gyara ga wancan, ɓarna ga wannan?

Amsar ita ce, mizanin ci aiki ne, ba abin da ke aljihu ba. Masana kiwon lafiya sun bayyana cewa abinci makamashi ne ga jiki: giram ɗaya na hatsi ko sukari, wato sinadarinsu mai ba da ƙarfi, yana ba da kalori 4, na mai kuwa 9. Abin da jiki bai ƙona ba, sai ya taskace shi kitse. Ɗan kokawa yana ƙona gero a fagen horo, yana gyara tsokarsa da wake, nono, ƙuli-ƙuli da nama, yana mayar da ruwan da ya fita gumi. Ranar da ya bar fage bai rage ƙwaryarsa ba, abin da ya gina shi jiya shi zai yi masa nauyi gobe, ya buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Musulunci ya riga ya aza wannan mizani. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana almubazzaranci. Tirmizi ya ruwaito shiriyar Annabi (SAW) ta kasa ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Saboda haka halaccin abinci bai zama izinin cika ciki ba. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki tumbi shaidar arziki, har idan babban mutum ya taka da ƙafa zuwa masallaci a ce ko babur ɗinsa ya lalace. Alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta tsere masa. Bayan jikinta ya yi nauyi suka sake, ya tsere mata, abin ya ƙare cikin raha. Ashe motsa jiki ba ya zubar da girma, kuma ba a yi wa mai ƙiba gori, balle ma wata ƙibar gado ce ko larura.

Yaya mutum zai san inda ya tsaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Ga awo mai sauƙi: yanke igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, in ba ta zagaye cikinka ba, to, kitse ya fara yawa. Hukumar ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a wuni. Mai zaman shayi har zagaye uku, ya kawo lemon kwalba ya ɗora, sai ya yi wa kansa lissafi.

Sai dai wuce iyaka fuska biyu gare shi. A 1997 ɗalibai uku ƴan kokawa sun mutu a Amurka wajen ƙoƙarin zubar da nauyi cikin gaggawa, ta hanyar hana kansu ruwa da matsa wa jiki gumi. Azabtar da jiki ma cin amana ne. Ragewa mai amfani ita ce ta sannu: a rage mai da zaƙi, a ƙara zogale da wake, a yawaita tafiya.

Daga ƙarshe, mu tuna a jihar Maraɗi muke, inda yunwar 2005 ta cika cibiyoyin jinya da yara masu tamowa. Lomar da ta zame maka ciwo, magani ce a gidan maƙwabcinka. In ka rage ta ka miƙa, ka tsare amana biyu: ta jikinka da ta ɗan'uwanka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu dace. Amin.