IN BARCI YA ƘI ZUWA

Ya kai mai karatu, ka san daren da kowa ya yi barci a gida, kai kaɗai idonka biyu? Kana lissafin damman hatsin da suka rage a rumbu, da bashin da ke kanka, da ɗanka da ya tafi cin rani har yau ba labari. Ke kuma 'yar'uwa, watakila tun da kika haihu kuka yake zo miki ba dalili, abinci ba ya miki daɗi. Kada ku ji kunya. Nauyin zuciya ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuwa la'ana ba ce.

Ka buɗe Littafi Mai Tsarki, 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, mutumin Allah, ya gudu daga Yezebel. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Me Allah ya yi? Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Sau biyu mala'ika ya tashe shi domin ya ci, ya sha ruwa. A Dutsen Horeb Allah ya saurari kukansa, ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, sa'an nan ya ba shi Elisha ya zama abokin aikinsa. Ka gani? Barci, abinci, Magana, da aboki. Allah ya san mu da jiki muke.

Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Amma maganin da ke rataye a bango ba ya warkar da kowa. Ga yadda za ka yi.

Na fari, ka zaɓi lokaci ɗaya kowace rana, ko da asuba ko bayan tuwon dare. Ka karanta kaɗan, gama zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar kaya da yawa. Ka fara da Zabura 13, da 42, da 43. Ka duba Zabura 88: mai addu'ar ya ƙare yana cikin duhu, duk da haka Allah ya bar addu'arsa cikin Littafinsa.

Na biyu, ka karanta da murya, tare da wani. In ba ka iya karatu ba, yaron da ke zuwa lakwal ya karanta maka. Damuwa tana ƙiba a cikin kaɗaici.

Na uku, ka raba damuwarka kashi biyu. Akwai abin da hannunka zai iya yau: gyaran darni, ban ruwan garka, zuwa wurin mai binka bashi ku yi magana. Ka yi ɗaya kafin rana ta faɗi. Akwai kuma abin da ba ya hannunka, kamar ruwan damana mai zuwa. Wannan ka miƙa wa Allah, ka karanta ƙarshen Matiyu sura 6, inda Yesu ya nuna mana tsuntsaye.

Amma ka ji wannan da kyau. In baƙin ciki ya kai mako 2 bai ɗaga ba, ba barci, ba cin abinci, ba ƙarfin aiki, to, ya zama ciwo, kuma yana da magani. Ka tafi likita. Wanda ya karye ba ya cewa addu'a ta hana shi zuwa wurin maɗori. Kada ka nemi sauƙi a giya ko tramol, gama suna ƙara zurfin ramin ne. In tunanin kashe kai ya zo maka, ka faɗa wa wani yau ɗin nan, ko matarka, ko fasto, ko mai bishara. Ku mutanen gida, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da maganin ƙwari daga ɗakin, ku raka shi likita.

Yesu kansa ya sha baƙin ciki mai tsanani a Getsamani, har ya roƙi almajiransa 3 su zauna a faɗake tare da shi. Ya san nauyin da kake ɗauke da shi, ya mutu ya kuma tashi dominka. Ka kira shi a daren nan, da bakinka, yadda ka iya. Gobe kuma ka sāke buɗe Littafin.