HAKKIN KYANWAR RUMBU DA 'YA'YANTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, da zarar kaka ta yi an zuba gero da dawa a rumbu, sai ɓera ya tare, kyanwa kuma ta biyo sawunsa. Ba wanda ya saye ta, ba wanda ya kira ta. Bayan ta yi kamar wata 2 da ciki, sai a wayi gari ta haihu a gindin rumbu. Shin akwai wani hakki nata a wuyan maigida, ko kuwa yana da damar ya sa yara su zuba 'ya'yan a buhu su kai juji?

Da farko dai, kyanwar nan ma'aikaciya ce ba lada. Ɓera yana cin hatsi, yana ɓata wanda ya rage da kashi da fitsari, kuma ta wannan hanya ce ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Wanda ya ci moriyar gadi, bai kamata ya wulakanta mai gadin ba ranar da ta yi rauni.

Amma Musulunci bai rataya hakkinta a kan amfaninta kaɗai ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nema da kanta ba. Watau mafita biyu ce: ko ciyarwa, ko saki. To, mai jego 'ya'yanta sun riga sun ɗaure ta, ba ta iya nisan farauta. Wanda ya toshe mata hanyar komawa gare su, ko ya kwashe su tun ba su buɗe ido ba, ya haɗa mata tsarewa da yunwa, su kuma ya kashe su. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, da Manzon Allah ya ga tana ta fuffuka sai ya yi umurni a mayar mata da su.

Masu cewa ƙazanta ce, ko masu jingina baƙar kyanwa ga maita, ba su da madogara. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana cewa Annabi ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a gida.

Wani zai ce: 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, an ƙone rumbuna, mutane suna gudun hijira a cikin garin Anka, wa ke ta kyanwa? Gaskiya ne ɗan Adam shi ne gaba, kuma ba a hana yaro tuwo don a ba dabba. Sai dai abin da ake nema a nan bai kai ya rage tukunya ba. Kasko ne na ruwa, da ƙanzo ko ragowar kifi, da tsumma a wurin da sanyin hunturu ba ya bugawa. 'Ya'yan ana haihuwarsu makafi, ba su buɗe ido sai bayan kwana 7 zuwa 10, ba su kuwa isa rabuwa da uwa sai sun yi kamar mako 8. A hana yara jagwalgwala su, a kuma kiyaye da maganin ɓera, domin kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya halaka. In sun yi yawa bayan yaye, sai a raba wa maƙwabta masu rumbu.

Daɗa akwai tarbiyya a ciki. Yaron da aka aika ya jefar da mai rai a juji, ya koyi cewa raunin wani dama ce. Wanda aka aika ya kai ruwa gindin rumbu, ya koyi tausayi tun bai san sunansa ba. Ƙasar da ta ɗanɗana aikin marasa tausayi ita ta fi kowace buƙatar wannan darasi.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya jiƙan masu jinƙai, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.