Ran Soja Ko Tsohon Gini?

A ƙasar Italiya, kudu da birnin Rum, akwai wani dutse da a ke kira Monte Kasino. A ƙwanƙolinsa akwai gidan ibada na malaman Kirista, wanda aka kafa wajen shekara ta 529, inda aka yi zamani da zamani ana juyar littattafai da hannu. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka ja daga a kewayen dutsen, suka tare hanyar Rum. Sojojin Ingila da Amurka da mataimakansu suka yi ta kai hari ana karkashe su, har suka sakankance daga gidan nan ne a ke hangensu. Ran 15 ga Fabrairu, 1944, jiragen sama suka yi masa ruwan bom, ya zama kango.

Ashe babu sojan Jamus a ciki. Waɗanda suka halaka talakawa ne da suka gudo neman mafaka. Da ginin ya rushe kuwa, sai Jamusawa suka shige kangon, ya zame musu ganuwa, ba a fitar da su ba sai watan Mayu. Littattafan sun tsira, don an riga an kwashe su zuwa Rum, kuma, abin mamaki, hafsoshin Jamus ne suka kwashe su.

To, in an ce da shugaban yaƙi ya zaɓa, ko ran sojansa ko tsohon gini, wanne zai ɗauka? Janar Aizinhawa na Amurka ya riga ya ba da amsa cikin umurnin da ya rubuta a Disamba, 1943. Ya ce rai ne gaba, amma ya ja kunnen hafsoshinsa kada su fake da larura alhali sauƙi kawai su ke nema. Ba mai hankalin da zai musa cewa rai ya fi dutse. Sai dai ba kasafai zaɓin ya ke fitowa fili haka ba. Wanda tsoro ya kama, kowace taga ya duba sai ya ga maƙiyi. Har wa yau, irin wannan gini ba na sarkin ƙasar ba ne, balle na wanda ya ci shi da yaƙi. Kamar dukiyar maraya ya ke, masu ita ba su ko zo duniya ba, ba su da bakin kai ƙara. Tun zamanin Halifa Abubakar an ruwaito ya hori mayaƙan da ya aika Sham su ƙyale masu ibada a ɗakunansu.

Tun kafin yaƙin wani mai zane Barashe, Nikolas Rorik, ya yi ta kira a yi wa irin waɗannan wurare alama. A 1935 ƙasashe 21 na nahiyar Amurka suka sa hannu a kan alkawarinsa a birnin Washintan, tutarsa kuwa farin ƙyalle ce mai ɗigo uku jajaye cikin da'ira. Alkawarin bai ƙetara zuwa Turai ba. Sai a 1954 aka ƙulla babbar yarjejeniya a birnin Heg, aka zaɓi alamar garkuwa mai shuɗi da fari. Nauyin ya hau kan kowa: mai gini kada ya girke soja a ciki, mai hari kada ya auna shi. Amma an bar ƙofar larura a buɗe, ba a tsuke ta ba sai a 1999.

Wani zai ce ƙyalle ba ya tare harsashi. Gaskiya ne. A 1991 an yi wa tsohon birnin Dubrobnik ruwan igwa, alamar tana rataye a ganuwarsa. Amma alamar kamar iyakar gona ta ke: ba ta hana azzalumi shiga, sai dai in an je gaban alƙali ba shi da damar cewa bai sani ba. An kuwa je, aka ɗaure hafsoshi biyu a kan harin nan. Haka kuma da aka rushe hubbarorin waliyyai a Tumbuktu a 2012, kotun duniya ta Heg ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 a 2016, bayan ya amsa laifinsa ya roƙi mutanen garin gafara. Kafin a yanke hukuncin, maginan Tumbuktu sun riga sun sake ta da hubbarorin, irin yadda kakanninsu suka gina su.