Garaɓasar Yini Ɗaya da Wuƙa Mai Tsada: A Ina Almubazzarancin Yake?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halatta ciniki Ya haramta ha'inci. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa amintacce, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani nau'i na ciniki da ya yaɗu cikin duniya ta hanyar intanet, watau garaɓasar yini ɗaya. Yadda abin yake shi ne, kamfani zai fito da haja, ya rubuta tsohon farashinta ya ja masa layi, ya rubuta sabo a ƙarƙashinsa, kana ya kafa agogo a gefe yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwamen ya ƙare. Wani kamfani mai suna Woot ya yi fice da wannan a Amurka tun 2004, yana sayar da abu ɗaya tak kowace rana, har Amazon ya saye shi a 2010. A ƙasar Sin, Alibaba ya mai da 11 ga Nuwamba ranar garaɓasa tun 2009. Amurkawa kuma suna da tasu ranar a ƙarshen Nuwamba, wadda suke kira Baƙar Juma'a, kuma irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, sun shigo da al'adar Nijeriya. Da ta isa ƙasashen Larabawa a 2014, sai kamfanin Souq ya canza mata suna zuwa Farar Juma'a, domin bai dace a kira Juma'a baƙa ba. Sun kyauta da suka gyara sunan, amma fa cinikin yana nan yadda yake.

Daga cikin kayayyakin da ake yawan bajewa a irin wannan kasuwa akwai wuƙar girki. Alal misali, mutum ya ga wuƙar da aka rubuta kuɗinta dala ɗari biyu, an mai da ita dala tamanin, saura sa'a uku a rufe. Nan take sai tambayoyi biyu su cakuɗe a zuciyarsa ya ɗauke su tamkar ɗaya. Ta farko, shin wuƙa mai tsada ta cancanci kuɗinta? Ta biyu, shin sayenta ta wannan hanya daidai ne? Wajibi ne a raba su, domin mai yiwuwa ne wuƙar ta cancanta, sayen kuwa ya zama ɓarna.

Ingancin cinikin kansa ba ya bukatar dogon bayani. Malikawa sun halatta sayen abin da ba ya nan idan an siffanta shi sosai, kuma Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yarda a sayi ɗaurin kaya bisa takardar da ta bayyana abin da ke cikinsa, wadda ake kira barnamaj. In kaya suka zo daidai da siffar, ciniki ya tabbata. In suka saɓa, mai saye yana da damar mayarwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma ta amince da ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa na zamani a zamanta na Jidda a 1990. Saboda haka saye ta intanet bai zama cinikin biri a sama ba, muddin siffar ta zama gaskiya.

To, me ke sa wuƙa tsada? Abu na farko shi ne ƙarfen da kuma yadda aka sarrafa shi a wuta. Masu wannan sana'a suna auna taurin ƙarfe da ma'aunin Rockwell. Wuƙaƙen garin Solingen na Jamus, inda gidan Henckels yake ƙira tun 1731 da gidan Wüsthof tun 1814, yawancinsu suna tsakanin 56 da 58 a wannan ma'auni. Na Japan kuwa, irin na garuruwan Sakai da Seki, sukan kai 60 ko fiye. Ƙarfe mai tauri yana daɗewa bai dakushe ba, kuma ana iya fitar masa da kaifi siriri, amma yana da saurin ɓantarewa. Wanda ya ɗauki siririyar wuƙar Japan ya sari ƙashin rago da ita zai ga bakinta ya yi giɓi, alhali wuƙar maƙeri da aka ƙera da tsohon sifirin mota za ta jure. Watau tsada ba ta nufin wuƙa ta dace da kowane aiki. Sauran kuɗin kuma yana tafiya ne ga aikin hannu, da kyawun ƙota, da daidaiton nauyi, sa'an nan da suna. Sunan Solingen kansa dokar Jamus tana kare shi, ba a buga shi sai a kan abin da aka ƙera a can.

Gaskiyar da masu girki na sana'a suka sani ita ce, tazarar da ke tsakanin wuƙar banza da wuƙa matsakaiciya babba ce ƙwarai, amma tazarar da ke tsakanin matsakaiciya da mafi tsada ƙarama ce, sai gwani yake jin ta a hannunsa. Kamfanin Victorinox na Suwizalan, wanda aka kafa a 1884, yana yin wuƙa mai ƙotar roba da ba ta da wani ado, kuɗinta kuma bai kai rabin na manyan ba, amma mahauta da masu dafa abinci a ƙasashe da yawa da ita suke aiki. Haka nan akwatin nan mai wuƙaƙe goma sha biyar da ake yawan sakawa cikin garaɓasa, galibin gidaje biyu ko uku kawai suke taɓawa a cikinsa: babba ta yanka nama da albasa, da ƙarama ta fira, wani lokaci da mai haƙora ta burodi. Sauran sai ƙura.

Ana kuma tallar wuƙaƙe masu zane kamar gudanar ruwa a jikinsu da sunan ƙarfen Dimashƙa. Sunan yana da tarihi, domin Larabawa sun san ƙarfe, har masanin nan Al-Kindi ya rubuta wa Halifa Mu'utasim risala a kan takubba da ire-irensu a ƙarni na uku bayan Hijira, kuma suna kiran takobi mai kyau muhannad saboda ƙarfen Hindu. Amma wasu masu araha na yau zanen kawai ake bugawa da na'ura a kan ƙarfe na gama-gari. Wanda ya sayar da irin wannan bai bayyana ba, hukuncinsa ɗaya da mai tarin abincin nan na hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Manzon Allah (S.A.W.) ya zura hannu ya ji danshi, ya tsawata masa a kan algus.

Yanzu sai batun almubazzaranci. Mutane da yawa suna zaton ma'auninsa shi ne yawan kuɗi, watau mai tsada israfi ne, mai araha kuwa tattali. Shari'a ba haka ta auna ba. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, ba ta kuwa yanka wani adadi ba, domin tsakiyar wani ba ita ce tsakiyar wani ba. Malaman lugga sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne ƙetare gwargwado a wurin da ya dace a kashe dukiya, tabziri kuwa kashe ta a wurin da bai dace ba ko kaɗan. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya kasa maslahohi gida uku a littafinsa Muwafaƙat: na lalura, da na bukata, da na ƙawa. A ɗora wuƙa guda a kan wannan sikeli. Ga mahaucin da yake fiɗa tun asuba har azahar, wuƙa mai riƙe kaifi bukata ce da ta kusa lalura, domin da ita yake ciyar da iyalinsa, kuma in ya sayi mai kyau ta yi masa shekara ashirin ya fi wanda yake sayen ta banza kowane wata uku tattali. Araha ba ta ado. Ga mawadacin da ya sauke haƙƙin iyali da zakka yana kuma son abu mai kyau, ƙawa ce halattacciya, domin a hadisin Ibnu Mas'ud da Muslim ya ruwaito an tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da son tufa mai kyau da takalmi mai kyau, ya bayyana cewa wannan ba girman kai ba ne. Ga magidancin da kuɗin makarantar 'ya'yansa ke wuyansa, kuma akwai wuƙa biyu a ɗakin girkinsa da wasawa kawai suke jira, wannan wuƙar dai israfi ce, ko da an rage kashi sittin cikin ɗari.

A nan ne illar garaɓasar yini ɗaya take. Bisa tsarin hankali, bukata ce take fara zuwa, sa'an nan mutum ya fita nema, ya gwada, ya taya, ya saya. Garaɓasa tana juya wannan tsari. Farashi ne yake fara sallama, kana zuciya ta shiga ƙirƙiro bukatar da za ta dace da shi. Mutumin da ya wayi gari bai tuna da wata wuƙa ba, kafin la'asar ya tabbatar wa kansa cewa ba zai iya rayuwa ba sai da ita. Zai kuma gaya wa iyalinsa cewa ya ci ribar dala ɗari da ashirin, alhali abin da ya faru a aljihunsa shi ne dala tamanin ta fita. Kuɗin da aka ja wa layi bai taɓa zama nasa ba, balle ya adana shi. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Bukhari da Muslim ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwa uku da Allah Yake ƙi, kuma dukiya tana tozarta da kaɗan-kaɗan kamar yadda take tozarta gaba ɗaya. Kai, ta kaɗan-kaɗan ɗin ta fi haɗari, domin mai yinta ba ya jin zafinta.

Agogon da aka kafa kuwa aikinsa ɗaya ne, hana tunani. Ba haramun ba ne mai haja ya iyakance wa rangwamensa lokaci, dukiyarsa ce. Amma abin lura shi ne Shari'a a kullum wajen ba mai saye lokaci ta karkata. An ruwaito labarin wani sahabi, wanda ake ce wa Habbanu ɗan Munƙizu, wasu kuma suka ce mahaifinsa ne, da ake yawan cuta a kasuwa. Manzon Allah (S.A.W.) ya koya masa ya riƙa sharɗanta cewa babu yaudara, kuma a ruwayar Ibnu Majah an ba shi zaɓi na kwana uku, ya riƙe ko ya mayar. Daga irin wannan ne malamai suka gina babin zaɓi a ciniki. Turawa ma sun iso wannan matsaya ta hanyarsu, domin dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya janye ba tare da faɗin dalili ba.

Idan kuwa tsohon farashin da aka ja wa layi ƙarya ne, ba a taɓa sayar da wuƙar a kansa ba, ko agogon yana komawa farko duk lokacin da ya ƙare, to magana ta bar babin mai saye ta koma kan mai sayarwa. Wannan ɗan'uwan najashi ne, watau a sa wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai a ruɗi mai saye na gaskiya, kuma hani a kansa ya tabbata a hadisin Ibnu Umar. Majalisar Fiƙihun da aka ambata, a zamanta na Burunai a 1993, ta sanya tallar da ake siffanta kaya da abin da ba su da shi, ko ake kumbura farashi don jawo mai saye, cikin surorin najashi na zamani. Tun 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa mai shelar rangwame ya nuna mafi ƙarancin farashin da ya sayar cikin kwana 30 da suka wuce, kuma ba a kafa irin wannan doka sai ɓarnar ta yawaita. Musulmin da yake da shago a intanet ba ya bukatar jiran doka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa haja ta tafi amma tana shafe albarka, farashin ƙarya kuwa aikin rantsuwar ƙarya yake yi, sai dai shi da alƙalami.

Saura abu ɗaya da masu talla ba su cika ambata ba, domin babu riba a cikinsa. Kowace wuƙa tana dakushewa, ta dala ɗari biyu da ta maƙeri, musamman in ana yanka a kan tire ko dutse maimakon katako. Wuƙa mai tsada da aka bari shekara ba a wasa ba, ta mai balangu wadda yake gogawa a dutse kowace yamma ta fi ta. Dakusasshiya kuma ta fi yanke mai ita, domin sai an danna da ƙarfi, ta zame daga kan albasa ta sami yatsa. Sunna ma kaifi ta yi magana a kai, ba ta ambaci farashi ba. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito an yi umarni da kyautatawa a cikin kome, har da yanka, aka ce mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa. Shi ya sa a kwanakin da Babbar Salla ta gabato ake ganin masu wasa wuƙa suna zagaya unguwanni, kuma ɗan abin da ake ba su bai kai kuɗin kawo wuƙar garaɓasa daga Legas ba. Malamai sun ƙara da cewa a gama wasawar tun kafin a kayar da rago, kada a yi ta a kan idonsa.