Darasi: Ɗan Maigida da Yaron Shago

Karatu: 1 Sama'ila 8:1-5, Misalai 17:2, Kolosiyawa 4:1

Sa'ad da Sama'ila ya tsufa, ya naɗa 'ya'yansa biyu, Yowel da Abiya, su zama alƙalai a Biyer-sheba. Shi kansa mutum ne mai gaskiya, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. 'Ya'yan nan suka bi kwaɗayin riba, suka karɓi hanci, suka karkatar da shari'a. Dattawan Isra'ila suka gaji, suka taru wurinsa a Rama, suka roƙa a naɗa musu sarki. Mu lura fa, waɗanda suka sha wahalar wannan naɗi talakawa ne da suka kawo ƙara.

Haka ya ke a cikinmu. Ga ɗan'uwa a cikin ikilisiya, yana da shagon ɗinki ko injin niƙa. Yana da yaro wanda ya yi shekaru yana buɗe shago da asuba, yana riƙon kuɗi da amana. Sai maigida ya ɗauko ɗansa ko ƙanen matarsa, wanda bai san aikin ba, ya ɗora shi a kansa. Idan kuɗi sun ɓace, yaron a ke tuhuma. Idan na gida ya makara, ba mai cewa kome. Sannu a hankali zuciyar yaron ta mutu: ko ya bar aikin, ko ya koyi ha'inci, ko ya ce bangaskiyar maigidansa ta baki ce kawai. Wannan na ƙarshe shi ne hasara mafi girma, gama sunan Almasihu ne ya ɓaci. Ɗan gidan ma an cuce shi, domin wanda ba a tsauta masa ba, ba ya koyon sana'a.

Kada mu ce taimakon dangi zunubi ne. Bulus ya umarce mu mu kula da mutanen gidanmu (1 Timothawus 5:8). Amma ciyar da ɗan'uwa daga aljihunmu dabam ne da ba shi matsayin da wani ya yi gumi dominsa. Misalai ya nuna mana bara mai hikima ya cancanci shugabanci bisa ɗa mai jawo kunya. Bulus kuma ya tuna wa iyayengiji cewa su ma suna da Ubangiji a sama. A gabansa babu na gida, babu bare.

Tambayoyi

1. Me ya kamata Sama'ila ya duba kafin ya naɗa 'ya'yansa?
2. A wurin aikinmu, mudu ɗaya mu ke auna wa ɗanmu da yaronmu?
3. Yaya Kirista wanda aka danne hakkinsa zai yi magana da maigidansa ba tare da ɗacin rai ba?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciyar adalci, domin waɗanda su ke aiki a hannunmu su ga haskenka a cikinmu. Amin.