Bini da Zugu: Ku Kula da Shingen Gidanku

'Ya'yana, akwai wani itace da kuke wucewa kullum a bakin gona ko a shingen gida, ba ku ko tsayawa ku dube shi. Bini da zugu nake nufi. Asalinsa daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka yake, Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya. Dangin rogo ne da zurma. Manoma na sonsa don akuya ba ta cin ganyensa, yana jure fari, kuma ko reshe ka sara ka kafa zai kama.

Ku dubi 'ya'yansa da kyau. Suna fitowa kore shar, su koma ruwan ɗorawa, su bushe su yi baƙi. In ka fasa, galibi ƙwaya 3 za ka tarar a ciki. To, nan haɗarin yake. Ƙwayar tana da gardi kamar gyaɗa, yaro kuwa in ya ji daɗin abu ba ya tsayawa a ɗaya. Ba a jimawa sai maƙogwaro ya ɗau zafi, ciki ya murɗa, amai da gudawa su biyo baya har ruwan jiki ya ƙare. Akwai dafi a ƙwayar, akwai wani a cikin manta, kuma wannan na biyun ko an gasa ba ya mutuwa.

Ban ce ba shi da amfani ba. Iyayenmu sun daɗe suna ɗiga ruwan jikinsa a kan yanka don tsayar da jini, a ƙasar Mali mata na yin sabulu da mansa, a shekarar 2008 ma an gwada man a jirgin sama a ƙasar Niyu Zilan. Masu bincike na ci gaba da nazarinsa.

Abin da ke damuna shi ne masu haɗiye ƙwayar da sunan wankin ciki. Wa ya auna muku? Ƙarfin dafin kan bambanta daga itace zuwa itace, abin da wani ya sha ya tashi lafiya shi zai kwantar da wani.

Don Allah ku nuna wa ƙannenku wannan itace, ku ja musu kunne a kansa. In kuma ƙaddara ta sa yaro ya ci, kada a tsaya ba shi jiƙe-jiƙe. A riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti, a tafi da sauran ƙwayar don likita ya gani.