Begen Samanja Da Karambana: Ina Matsayinsa Ga Musulmi?

 A cikin 'yan shekarun nan mutuwa ta yi ta ɗauke mutanen da suka cika ƙuruciyar magidantan yau da dariya. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, a 2023. Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, sai a ga mai furfura ya ajiye abin da yake yi, ya shiga kwaikwayon muryar Samanja, abokan hira suna dariya har da hawaye. Wasu sukan ce wannan lagawu ne da bai dace da dattijo ba. Wasu kuma su ce ai wancan zamani shi ne na albarka, na yanzu kuwa ya lalace. To, ina gaskiyar take?

Ya kamata a fara tuna yadda abin yake. Kafin talabijin akwai majigi, motar gwamnati da ke zuwa gari ta kafa farin ƙyalle a fili bayan faɗuwar rana, ta nuna wasanni irin su Baban Larai don koya wa manoma noman auduga. An kafa hukumar NTA a 1977. A lokacin ƙasar Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, domin ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba sai a 1991. Akwatin talabijin ba kowane gida ke da shi ba, saboda haka yaran unguwa kan taru a gidan mai shi, wasu a tabarma, wasu a bakin taga. Kaduna ta fito da Samanja da Karambana, Sakkwato ta fito da Idon Matambayi, Jos ta fito da Karkuzu. Masu wayo kuma sun san Amitabh Bachchan da Dharmendra na fim ɗin Sholay na 1975, sun san Bruce Lee da ya mutu a 1973 amma yara suka daɗe suna kwaikwayon naushinsa a bakin kogi.

Game da halaccin tuna baya da yin dariya, Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa sahabbai sukan zauna bayan sallar Asuba har rana ta fito, suna tuna al'amuran zamanin jahiliyya suna dariya, Manzon Allah (S.A.W.) kuwa yana murmushi. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci, Annabi ya kāre Nana A'isha da mayafinsa tana kallo, har sai da ita da kanta ta gaji. Da ta girma ta riƙa ba da labarin, tana jan hankalin mutane su san yadda yarinya ƙarama ke da kwaɗayin wasa. Ke nan uwar muminai ta tuna kallon ƙuruciyarta, ba ta ji kunyarsa ba, har ma ta ciro hukunci daga cikinsa. Wanda ya ce duk tuna wasa haramun ne ya ƙuntata abin da shari'a ta yalwata. Abin zargi shi ne zancen da ke shagaltar da mutum daga tafarkin Allah, kamar yadda aya ta 6 ta Suratu Luƙman ta nuna.

Sai dai akwai tambaya mai zurfi: mene ne ainihin abin da mutum ke bege? Mawaƙan Larabawa na jahiliyya, irin su Imru'ul Ƙaisi da ake karantawa a zaurukan malamai, sukan fara waƙa da tsayawa a kan kufai suna kuka. Duwatsun murhu da toka ba su cancanci hawaye ba; mutanen da suka tashi daga wurin su ne abin kuka. Mutanen Yauri sun fi kowa sanin wannan. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, cikinsu har da Gungawa. Dattijo daga cikinsu na iya tsayar da kwale-kwale a tsakiyar tafki ya nuna wa jikansa ruwa ya ce nan gidansu yake. Jikan ruwa kawai yake gani, kakan kuwa yana ganin uwarsa da gonar albasarsu. Abin lura kuma, ruwan nan da ya binne gidajen wasu shi ne ya ba ƙasa wutar da ta kunna akwatin da wasu ke bege yau.

Haka begen Samanja yake. Idan aka sake kunna wa magidanci tsohon wasan a waya, sau da yawa zai ga hoton ya dushe, dariyar ma ba ta kai yadda yake tunawa ba. Dalili kuwa shi ne abin da ya ɓace masa ba ya cikin akwatin. Mahaifin da ke zaune a kujera ne, da maƙwabcin da ya bar ƙofarsa a buɗe don 'ya'yan talakawa, da abokin da aka binne tun tuni. Idan mutum ya gane haka, begensa ya zama wa'azi, domin ya tuna masa cewa kowane taro watsewa yake yi.

Amma fa bege yana da illa guda biyu. Ta farko, yana yi wa mai shi ƙarya. Zuciya takan tace tuwon jiya ta zubar da tsakuwa. Wanda ke cewa zamaninsu ba aibi ya manta cewa iyaye na wancan lokaci suna ɗaukar gidan silima matattarar 'yan iska, ya manta da sallar Isha'i da ta wuce shi yana leƙen taga, da karatun allo da ya guje wa. Musulmi kuwa an umurce shi da faɗin gaskiya ko da a kan kansa ne. Illa ta biyu, yana kai mutum ga zagin zamani da yanke ƙauna daga yara, alhali hadisi ingantacce ya hana zagin zamani, wani kuma da Muslim ya ruwaito ya yi gargaɗi ga mai cewa mutane duk sun halaka. Ba adalci ba ne uban da ya haddace sunayen 'yan wasan Indiya tun yana ɗan shekara 10 ya tsine wa ɗansa don ya san sunan wani ɗan wasa.

Wannan ba ya nufin jiya da yau ɗaya ne. Akwai bambanci na gaske, kuma a nan ne begen zai yi amfani. A da, kallo na taro ne, babba yana wurin, idan abin kunya ya fito sai ya tsawata ko ya kashe akwatin. Tashar tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Samanja yakan yi wauta a sha dariya, amma a ƙarshen wasa mai laifi yakan ga sakamakonsa. Yau kuwa yaro a Yelwa ko Wara ko Shanga yana iya shiga ɗaki shi kaɗai da waya, abin kallo ba ya ƙarewa, ba kuma mai ce masa wannan daidai ne, wancan kuskure. Saboda haka abin da ya gyara yaran da shi ne babban da ke zaune kusa da akwatin. Wannan kujera kuwa yanzu ta mai begen ce. Idan ya bar ta ba kowa yana can majalisa yana yabon jiya, to, shi ne ya rage wa zamani albarka.

Akwai darasi a ƙissar Bilal. Da aka yi hijira zazzaɓin Madina ya kama shi, ya riƙa begen kwaruruka da duwatsun Makka. Annabi bai tsawata masa ba, bai kuma ce a koma ba. Sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye, Ya kuma sa albarka a mudunta. Watau maganin bege shi ne a nemi albarka a inda ake tsaye.

Sa'an nan akwai haƙƙin su 'yan wasan. Samanja suna ne na wasa, amma Usman mutum ne da ya koma ga Ubangijinsa, yana bukatar addu'a fiye da tafi. Wasu daga cikin tsofaffin 'yan wasa sun tsufa cikin ciwo da ƙarancin abin hannu, alhali miliyoyi sun ci moriyar dariyarsu kyauta. Begen da bai haifar da addu'a ga mamaci ko taimako ga mai rai ba, son kai ne kawai.

Don haka ma'aunin mai sauƙi ne. Mutum ya duba abin da begen ya bari a zuciyarsa bayan an tashi daga hira. In ya bar godiya ga Allah, da addu'a ga iyaye, da tausayin yara, da niyyar zama tare da su, to, alheri ne. In kuwa ya bar ƙorafi da raina na baya da jinkirta salla, to, ya zama shagala. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya shiryi masu tasowa, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.